Wasiƙa Ga Edita: Abin Da Dafin Bakteriya Ke Tayarwa A Jikin Mutum

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in gyara wata fahimta game da ciwon da likitoci ke kira sefsis, wato halin da gaɓoɓin jiki ke fara gazawa bayan ƙwayar cuta ta kama mutum. Mutane da yawa sun ɗauka dafin bakteriya ne kaɗai ke halaka majinyaci, alhali sau da yawa martanin da garkuwar jikinsa ta mayar ne yake kai shi ƙasa.

Bakteriya irin su E. coli suna ɗauke da wani dafi a ɓawonsu na waje mai suna LPS. Da zarar ya shiga jini, wasu fararen ƙwayoyin jini sukan gane shi ta wata kafa da ake kira TLR4, wadda masanin kimiyya Bruce Beutler ya gano aikinta a 1998, har ya samu lambar Nobel a 2011. Daga nan sai su saki sinadarai 'yan aike, wato saitokin. A cikinsu, wanda ake kira TNF ne ke fara fitowa, yakan kai ƙololuwarsa cikin kimanin minti 90, ya zuga wani mai suna IL-1, su biyun kuma su tayar da na uku, IL-6. IL-1 yana cikin masu kai saƙo ƙwaƙwalwa a ɗaga zafin jiki, IL-6 kuwa shi ke sa hanta ta fitar da wani sinadari mai suna CRP, wanda ake aunawa a gwajin jini. A bayansu akwai IL-10, mai aikin kwantar da tarzomar idan ta isa haka.

Muddin abin ya tsaya a wurin da cutar take, alheri ne, domin haka ake tara mayaƙa a kan abokan gaba. Amma idan 'yan aiken suka cika jini suna ta zuga juna, jijiyoyi sukan saki su riƙa yoyo, bugun jini ya yi rauni, ƙananan gudajin jini su toshe hanya, ƙoda da huhu su fara gazawa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, wanda ya tsallake wannan mataki yakan faɗa wani, inda garkuwar ta gaji har wata cutar ta samu shiga.

A shekarun 1990 an gwada magungunan toshe TNF da IL-1 ga masu sefsis, amma ba su rage mace-mace yadda aka zata ba. A ganina dalilin a fili yake: idan an tare ɗan aike ɗaya, sauran sun riga sun isar da saƙon.

Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da ita ta nuna sefsis ya kashe kimanin mutum miliyan 11 a 2017. Saboda haka nake roƙon ka ware shafi kafin ranar 13 ga Satumba, ranar sefsis ta duniya, a bayyana wa jama'a cewa zazzaɓi mai haɗe da ruɗewa, numfashi sama-sama da ƙarancin fitsari yana buƙatar asibiti nan take.

Naka,
Wani mai karatu