Takardar tawul a otal da halin manaja

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan yadda halin shugaba ke bayyana a aikin ma'aikatan otal, musamman wajen kula da muhalli.

Duk wanda ya taɓa sauka a otal ya san 'yar takardar nan ta banɗaki, wadda ke roƙon baƙo ya rataye tawul ɗinsa idan zai sake amfani da shi, domin a rage ruwa da sabulu da wutar da wanki ke ci. Na sha rataye nawa, amma in dawo da yamma in tarar an kwashe an kawo sabo. Da na tambayi wata mai gyaran ɗaki, sai ta ce mai duba aikinsu bai taɓa ambaton takardar ba, abin da ya dame shi kawai shi ne ɗaki nawa ta gama kafin sababbin baƙi su iso. Ban ga laifinta ba, domin ƙaramin ma'aikaci abin da ake tambayarsa a kai yake kiyayewa.

Tun a 1986 wani mai rajin kare muhalli a Amurka, Jay Westerveld, ya soki irin wannan takarda, yana ganin kuɗin wanki otal-otal ke son ragewa suka fake da muhalli. Ita kuwa shaidar Green Key, wadda ake bai wa otal-otal masu kula da muhalli, aka kuma fara bayarwa a Denmark a 1994, ta sanya horar da ma'aikata cikin sharuɗɗanta. A 2019 kamfanin otal-otal na Marriott ya sanar da cewa zai maye gurbin ƙananan robobin sabulu da manyan kwalabe, abin da ya cancanci yabo, sai dai mai gyaran ɗaki ce za ta duba kwalbar kullum, kuma idan ba a ba ta lokaci ba, baƙo zai matsa ya tarar wayam.

Inda na ga abin ya zauna daram, manajan ne da kansa ke kashe na'urar sanyaya ɗakin taro idan an watse, yana kiran masu shara da sunayensu, kuma famfon da aka kai masa rahoto yana yoyo ba ya kwana. Ma'aikatansa ko tambayar hanya ka yi musu, sai sun raka ka.

Ina kira ga masu otal su sanya maganar tawul da famfo cikin abin da ake dubawa kowace safiya, su kuma rage yawan ɗakunan da suke ɗora wa mutum ɗaya.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum.