Wasiƙa zuwa ga abokina da aka ɗora wa ragamar na'urorin asibiti

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya yara da karatu? Saƙonka ya iso ni tun makon jiya, na ƙi ba ka amsa ta waya ne saboda maganar ta fi ƙarfin layi biyu. Na ji an naɗa ka shugaban sashen fasahar bayanai na asibitinku, har da kujera a majalisar gudanarwa. Wallahi na yi murna ƙwarai. Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka mataimaka na gari, ya sa ka gama lafiya.

Ka tambaye ni da me za ka fara, ka kuma lissafo mini kamfanoni uku da ke zawarcinku da manhajar adana bayanan marasa lafiya. Ina roƙonka ka ajiye takardunsu a aljihun tebur tukuna. Ka nemi izinin shugabar ma'aikatan jinya, ka je ka kwana a ɗakin marasa lafiya sau uku ko huɗu, kana zaune kana kallo, ba ka gyara wa kowa komai. Ni sai da na shekara biyu a irin wannan kujera kafin na yi haka, kuma har yau ina jin ciwon jinkirin.

Bari in gaya maka abin da na gani a daren farko. Wajen ƙarfe biyu, wata nas tana zagayen awon zafin jiki da hawan jini, gado ashirin da wani abu, ita da abokiyar aikinta ɗaya. Sai na lura duk wanda ta auna, tana ciro wata 'yar takarda daga aljihu ta rubuta lambar gado da abin da ta samu. Ga kwamfuta a kan keken turawa, sabuwa fil, an jingine ta a lungu. Da na tambaye ta, ba ta yi dogon bayani ba, ta jawo keken ta ce in duba. Ta sa sunanta da kalmar sirri, muka tsaya muna jiran allo ya buɗe. Ta shigar da awon mutum ɗaya, sai mai gado na gaba ya kira ta a gyara masa ƙarin ruwa. Kafin ta dawo allon ya kulle kansa, domin mu a ofis mun saita shi ya kulle bayan minti biyu, da sunan tsaro. Ta dube ni ta ce, "Ranka ya daɗe, in na bi ta wannan, gari zai waye ban kai gado na goma ba." Saboda haka sai da asuba take zama ta kwashe abin da ke takardar ta zuba a kwamfuta. Ka ga ke nan wanda jininsa ya faɗi da ƙarfe biyu, na'ura ba za ta sani ba sai ƙarfe biyar. Mu kuwa a taron wata-wata muna nuna jadawali mai kyau cewa kusan duk awon ana shigar da shi.

Ba laifin nas ɗin ba ne, ba kuma laifin yaran da suka saita na'urar ba ne. Ni na sa hannu a kan dokar minti biyun, ban taɓa tambayar wanda zai yi aiki da ita da dare ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kusan duk abin da zan faɗa maka a wasiƙar nan daga wannan daren ya samo asali.

Kada ka ɗauka matsalar ƙananan asibitoci ce. A ƙarshen 2002 asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles a Amurka ya ƙaddamar da tsarin rubuta umarnin likita ta kwamfuta, wanda ya ci kimanin dala miliyan 34. Cikin 'yan watanni likitoci suka yi masa bore, suna cewa abin da suke rubutawa cikin daƙiƙu ya koma cin mintuna, ga gargaɗi barkatai da ke tare musu hanya. A farkon 2003 aka dakatar da shi. Ingila ma ta ɗanɗana, a babban mataki. A 2002 gwamnatin Tony Blair ta fara shirin haɗa asibitocin hukumar lafiya ta NHS a tsarin bayanai guda, aka ƙulla manyan kwangiloli daga sama, aka turo wa asibitoci abin da ba su zaɓa ba. A 2011 aka sanar da wargaza shirin, kuma lissafin abin da ya ci ya doshi fam biliyan 10. Da suka gayyato Farfesa Robert Wachter ya duba musu, rahotonsa na 2016 ya fi karkata ga mutane. Ya nemi a horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu fahimtar fasahar bayanai, a ba su muƙami da iko na gaske a kowane asibiti, a kuma daina gaggawa.

Wannan shawarar ita nake so ka riƙe da hannu biyu. Ka nemi likita ɗaya da nas ɗaya da mai harhaɗa magani ɗaya, waɗanda abokan aikinsu ke jin maganarsu, ka yi faɗa a majalisa har a rage musu aikin ɗaki a ba su lokaci a rubuce. In aka ce su yi a matsayin taimako bayan sun tashi aiki, an kashe maganar ke nan. Kuma kada ka ɗauko mai son na'ura wanda komai aka kawo zai ce ya yi. Ka ɗauko mai ƙorafi, wanda ƙorafinsa ke da hujja. Ranar da ya miƙe a gaban takwarorinsa ya ce wannan tsarin da hannuna a ciki, ya yi maka aikin da takardar umarni goma ba za ta yi ba.

Akwai abin da ke damuna game da lokacin likita, kuma na san kai ma zai dame ka. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2016 ya bi likitoci a ɗakunan ganin marasa lafiya yana ƙirga lokacinsu, ya samu cewa duk awa ɗaya da suka yi ido da ido da mara lafiya, suna yin kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Wannan a ƙasar da dokar HITECH ta 2009 ta zuba biliyoyin daloli don asibitoci su bar takarda, kuma sun bari, daga ƙasa da asibiti ɗaya cikin goma a 2008 zuwa kusan dukkansu cikin shekara bakwai. An samu abin da aka biya kuɗi a kai, amma an ɗora wa likita aikin akawu. Yadda abin ke faruwa ba a ɓoye yake ba. Sashen kuɗi zai zo maka yana son a ƙara gurbi ɗaya a fom, masu kula da inganci su ce a ƙara biyu, lauyan asibiti ya ce a sa akwatin amincewa, mai bincike ya roƙi nasa. Kowanne da gaskiyarsa, kuma babu ɗayansu da zai cike gurbin da kansa. Kai kaɗai ne a wannan teburin kake ganin jimillar. Ni dokar da na kafa daga baya ita ce, duk mai son a ƙara gurbi ya nuna mini wanda za a cire, ya kuma faɗi wa zai karanta abin da aka shigar da kuma hukuncin da zai yanke da shi. Na sha baƙin jini a kan haka, amma babba juji ne.

Sai maganar ranar da komai zai tsaya, domin tana nan tafe. A ranar 12 ga Mayu 2017 manhajar kutse ta WannaCry ta dagula ayyukan kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin Ingila, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, alhali Microsoft ta fitar da abin toshe ƙofar tun watan Maris, ba a dai girka shi ba. A Mayun 2021 hukumar lafiya ta Ayalan ta kashe na'urorinta a faɗin ƙasar bayan harin masu neman kuɗin fansa, aka yi watanni ana farfaɗowa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wani ma'aikaci ne ya buɗe fayil ɗin Excel da aka turo masa ta imel tun watan Maris, ɓarayin suka yi mako takwas suna yawo a ciki, kuma hukumar ba ta da babban jami'i guda da tsaron bayanai ke wuyansa. A 2024 kuma aka shiga kamfanin Change Healthcare na Amurka ta wata ƙofa da ba a sa mata tantancewa mai mataki biyu ba, wato neman wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri, har shugaban uwar kamfanin ya amsa haka da bakinsa a gaban majalisar dokoki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duk tsagar nan da na lissafa akwai wanda ya san da ita, ba a dai ba ta kuɗi ko lokaci ba.

Namu daren bai kai waɗannan ba, na'urar ajiyar bayanai ce ta mutu, muka yi awa goma sha ɗaya babu tsari. Abin da ban manta ba shi ne wani matashin likita a sashen gaggawa, riƙe da fom ɗin neman gwajin jini, yana jujjuya shi, bai san inda ake rubuta me ba, domin tun da ya fara aiki bai taɓa cike na takarda ba. Fom ɗin ma da ƙyar aka samo su a wani kwali, rabinsu tsohon bugu ne. Masinja na ta sintiri tsakanin ɗakin gwaji da ɗakunan kwanciya da sakamako a hannu. A ɗakin magani ba wanda ke iya duba wane mara lafiya ne jikinsa ba ya karɓar wane magani, sai an koma an tambaye shi ko mai jinyarsa. Tsofaffin nas-nas ne suka riƙe asibitin a daren, su da suka san aikin tun kafin zuwan kwamfuta. Allah ya kiyaye ba mu rasa kowa ba.

Don haka ka sa a yi atisaye, a kashe tsarin da gangan na awa biyu da rana tsaka, kowa ya koma takarda, ka tsaya ka ga inda za a cije. Kowane ɗaki ya mallaki akwatinsa na fom da jerin magungunan marasa lafiyarsa da ake bugawa kullum. Kwafin ajiya kuwa, wato kwafin bayanan da ake adanawa daban don ranar da na'ura ta mutu, kada ka yarda da wanda ya ce maka "muna yi kowane dare". Ka ce ya dawo da shi a gabanka, ka riƙe agogo. Kuma tun yanzu a rubuta sunan wanda ke da ikon cewa a cire asibiti daga intanet da ƙarfe uku na dare ba tare da jiran taro ba. In kai ne, ka sani, shugaban asibiti ma ya sani.

Game da kamfanonin nan uku, ba zan zaɓa maka ba. Abu biyu kawai zan ce. Kada ka tsaya a nunin da za su yi maka a ɗakin taro, ka je asibitin da ya shekara biyu yana amfani da kayansu, ka zame daga masu yi maka rakiya, ka tambayi nas ɗin dare. Sannan ka karanta sashen rabuwa a kwangilar kafin sashen farashi: ranar da kuka ce kun fasa, a wace siga za su ba ku bayanan marasa lafiyarku, cikin kwana nawa, kuma a kan nawa? Ka sa a rubuta cewa tsarin zai yi musayar bayanai bisa ƙa'idar FHIR ta ƙungiyar HL7, wato ƙa'idar da ke sa manhajojin asibiti daban-daban su fahimci bayanan juna, su kuma gwada maka da na'urorin ɗakin gwajinku da na ɗaukar hoto kafin ka biya kason ƙarshe.

Na tabbata dukkansu sun yi maka tallar ƙirƙirarriyar basira. Ba na ƙin ta, na ga inda take rage wa likita wahalar rubutu, kuma ina fatan alheri a gare ta. Amma ka tuna da manhajar kamfanin Epic ta hasashen gubar jini, wato mummunan martanin jiki ga ƙwayar cuta da kan kai ga mutuwa, wadda ɗaruruwan asibitoci suka kunna. Da masu bincike na Jami'ar Michigan suka gwada ta a kan marasa lafiyarsu, sakamakon da suka wallafa a 2021 ya nuna ta kasa gano kashi 67 cikin ɗari na masu cutar, alhali tana kaɗa ƙararrawa a kan kashi 18 cikin ɗari na duk waɗanda aka kwantar. Nas ɗin da ƙararrawa ta yi wa ƙarya sau ashirin ba za ta waiwaya a na ashirin da ɗaya ba, kuma ba ta yi laifi ba. Duk irin wannan manhaja, ka bar ta ta yi aiki a ɓoye na wasu watanni a kan bayananku, ba tare da ta nuna wa kowa komai ba, sannan ku kwatanta abin da ta ce da abin da ya faru. Kuma kafin a kunna ta, a san wanda zai tashi ya je bakin gado idan ta yi ƙara.

Wani abu da ban so in manta: yaranka na sashe. Ba a tunawa da su sai abu ya lalace, kuma masu ƙwazon cikinsu kamfanoni na jiransu da albashin da asibiti ba zai iya biya ba. Ka riƙa ɗaukarsu zuwa zagayen safe su ga fuskokin mutanen da ke bayan lambobin. Wani yarona da ya ga yadda jinkirin fitar sakamako ya hana a shiga da wata mata tiyata, da kansa ya kwana yana bin layin har ya gano inda saƙon ke maƙalewa, ba wanda ya sa shi. In kuskure ya faru, ka shiga gaba ka amsa a majalisa, ka dawo ku zauna ku gyara. In aka yi nasara, ka kira sunayensu a gaban shugaban asibiti.

A majalisar kuma ka rage ambaton sunayen na'urori. Ka ce musu minti nawa ake ɗauka daga rubuta magani zuwa ba da shi, mutum nawa aka sake ɗiba wa jini saboda samfurin farko ya ɓata, awa nawa asibiti zai iya aiki in tsarin ya tsaya. Da wannan harshen ake samun kasafi.

Na tsawaita, ka yi haƙuri, abin ne yake raina. In ka yi kwanan farko a ɗakin marasa lafiya, ka rubuto mini abin da ka gani, musamman abin da ke aljihun nas-nas da abin da aka manna a gefen allon kwamfuta. Ka turo mini daftarin kwangilar ma idan dokar wurinku ta yarda, in duba maka sashen rabuwar. Ka gaida mini uwargida da yara, ka ce ina yi musu barka.

Wassalam,
Naka har kullum,
Abokinka