Barka da Sallah daga Montreyal, da labarin tsuntsayen Inna

Montreyal, Kanada
Ranar Ƙaramar Sallah

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya da iyalinsa, da Auta, da duk wanda ya kwana a gidanmu na Birni. Barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya jiƙan waɗanda muka yi azumin bara tare, bana babu su. Ina fata kun sauko idi lafiya. Yaya zafi? Auta ya ce bana kun sha rana, ga wahalar ruwan famfo da ba ta barin Damagaram in bazara ta kama. Allah Ya ninka lada.

Mu ma lafiya lau muke. Surukinku yana gaishe ku da kyau, takwarar Inna kuma ta iya zama, har tana neman rarrafe. Mun yi idi a wani babban zaure da jama'a suka kama haya, kowa ya ɗora kwat mai kauri bisa kayan Sallarsa, takalman ƙanƙara jibge a bakin ƙofa. Babu kakaki, babu algaita, babu ko doki ɗaya. Auta, don Allah in Mai Martaba ya hau ka ɗaukar mini hoton dogarai da mahaya a ƙofar fada, ka turo. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe mun ci da maƙwabta. Alkaki ne dai ban samu ba, kuma shi raina ya fi so yau.

Inna, duk lokacin da muka yi waya, in kun gama tambayar takwararku, abin da ke biyo baya shi ne, "Ina labarin tsuntsayena?" Kafin in fara bayani layi ya yanke. Shi ya sa na zauna na rubuta. Auta ya karanta muku bayan la'asar, Baba da Yaya su ma su ji, don akwai maganar da nake so in yi da su. Amma sai na faro daga hawan dutse, domin na lura Inna ba ta ba ku labarin yadda ya kamata ba. Cewa kawai ta yi mun je yawo.

Da muka yi arba'in, watan Oktoba ya kama. Tun zuwanta Inna tana cikin gida, tana fama da ruwan wanka da kunun kanwa da rainon jaririya. Wata safiya ta ce mini, "Ƴar nan, ƙafafuna sun gaji da zama." Sai surukinku ya ɗauke mu a mota zuwa dutsen Saint-Hilaire, gabas da Montreyal, a bakin kogin Richelieu. Dajin da ke kansa yana hannun jami'ar McGill tun 1958, lokacin da mai shi, wani tsohon soja mai suna Gault, ya rasu ya bar mata shi wasiyya. A 1978 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake tsarewa saboda halittun da ke ciki, shi ne na farko a Kanada. Ba a sara, ba a farauta, ko fure ba a tsinka.

Abin da ya fara tsayar da Inna shi ne manyan itatuwan da suka faɗi suna ruɓewa a gefen hanya. Ta riƙe baki ta ce, "Duk wannan itacen girki a zube, ba mai ɗauka?" Na ce da gangan ake barin su, su ruɓe su koma taki, ƙwari da tsuntsaye su samu gida. Ta jinjina kai, amma na san tana lissafin kuɗin da take kashewa a kan ƙullin itace kowane mako.

Sai kuma ganyaye. Baba, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Dutse guda, daga gindi har bisa, ya zama ja da rawaya da ruwan goro, rana tana ratsa ganyen tana sauka a fuskar mutum da launinsa. Mafi yawansu itacen erabul ne, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada. Inna ta ɗauki ganye ɗaya daga ƙasa, ta juya shi gaba da baya, ta ce ko ciwo ne ya kama itatuwan. Na gaya mata abin da na sani: in yini ya fara gajarta, dare ya fara sanyi, itace yakan daina yin sinadarin da ke sa ganye kore, ya janye abincin da ke ciki ya ajiye a jikinsa. Rawayar dama tana nan, koren ne ya rufe ta. Jan kuwa sabo ne, daga zaƙin da ya rage a ganyen yake fitowa in an samu rana mai haske da dare mai sanyi. Daga nan itacen ya toshe gindin ganyen, iska ta kaɗo shi, saboda nan gaba kaɗan ƙasa za ta daskare, saiwa ba za ta iya jan ruwa ba.

Ta yi shiru muna tafiya, can ta ce, "To ai sanyin nan shi ne raninsu. Ruwa yana nan, sha ne ba ya yiwuwa. Kuka ma haka take tuɓewa in rani ya zo." Ta nuna waɗansu masu ganyen allura da suke kore shar a tsakiyar jan, ta ce, "Waɗancan kuma su ne gawonsu, masu riƙe ganye lokacin da kowa ya zubar." Na yi shekaru a ƙasar nan, na karanta bayanin a takarda, amma ban taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai haka ba.

Yanzu hawan. Inna ta sa wando mai kauri ƙarƙashin zane, ta ɗora kwat bisa hijabi, ta sa takalmina ƙafa-ciki, surukinku ya ba ta sanda. Shi ya goya jaririya a ƙirji, abin da Inna ba ta so ba ko kaɗan, ta ce goyo a baya yake, kuma na mata ne. Hanyar ta fara a shimfiɗe, ta bi kusa da wani tafki da ke tsakiyar dutsen, sannan ta miƙe sama cikin saiwoyi da duwatsu. Inna ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa sai inda ita ta ga dama. Ba ta magana in ana hawa, leɓenta kawai ke motsi da tasbihi. In na ce mu juya haka nan, sai ta ɗaga mini hannu. A wani wurin hutu ne ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, yadda tun tana budurwa take tasowa daga ƙauyensu da asuba ranar Alhamis, da kaya a ka, ta zo kasuwar Dole a ƙasa, ta koma a ƙasa kafin magariba. Ta ce dabarar doguwar tafiya ita ce kada ka bari numfashinka ya riga ƙafarka.

Har ƙololuwa muka kai. Suna ce wa wurin Pain de Sucre, fa ne tsirara, mita 414 bisa teku. Daga can ana ganin kogi yana lanƙwasa, da gonaki, da lambunan tuffa a gindin dutsen, da dogayen benayen Montreyal can nesa cikin hazo. Ayarin dinya ya wuce ta kanmu, sun jeru sun nufi kudu suna kuka, suna gudun sanyi. Inna ta zauna bisa fa, ta ɗaga hannu, ta yi wa kowannenku addu'a da sunansa, har da jikokin da ba su fara tafiya ba. Saukowa ta fi ba gwiwarta wuya, don jiƙaƙƙen ganye yana da santsi, ta riƙe damtsena har ƙasa. A daren ta yi barcin da ba ta yi irinsa ba tun zuwanta, da safe kuma ita ta riga kowa tashi.

Bayan wannan fitar ne ta fara zama a bayan gida da hantsi, tana watsa gero kamar yadda take yi wa kaji da kurciyoyi a tsakar gida. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Baturiya, ta leƙo ta kan shinge ta ce dokar gari ba ta yarda a ciyar da kurege da tattabaru ba, kuma hatsi a ƙasa yana jawo ɓeraye. Washegari sai ga ta da mazubin tsaba na ratayewa da buhun baƙin iri mai maiƙo da ake sayarwa don tsuntsaye. Ita ba Hausa, Inna ba Faransanci, amma tare suka rataye shi a reshe, kuma har Inna ta tafi suna zama su yi kallo. Ta ce in gaishe ku, Inna, ta kuma ce in gaya muku ba ta bar ni na yi sakaci ba.

To ga labarinsu. Kun tafi kafin dusar ƙanƙara ta zauna. A Janairu akwai safiyoyin da sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, numfashi yana daskarewa a gashin ido. Na ɗauka ƙananan nan da kuke kira masu baƙar hula ba za su kai ba, don nauyin ɗaya bai fi giram 11 ko 12 ba. Ba su yi ƙaura ba, kuma ko a ranar da ta fi kowace tsanani su ne na farko a mazubi. Da dare kowane yakan shige kogon itace, ya hura gashinsa, ya sauke zafin jikinsa da kusan digiri 10 don kada kitsen da ya tara da rana ya ƙare kafin gari ya waye. Da safe ya tashi ba komai a cikinsa, dole ya ci nan take. Shi ya sa ba na barin mazubin ya kwana babu kome. Kun tuna kuna cewa suna da ladabi, ƙwaya ɗaya suke ɗauka su tashi? Wata su fasa a kan reshe su ci, wata kuma ɓoyewa suke yi a ɓawon itace, nan ɗaya can ɗaya, kuma suna tuna wuraren in yunwa ta zo.

Jan nan mai tukku yana nan da matarsa mai ruwan ƙasa da jan baki. Su ba sa son hayaniya, da sassafe suke zuwa da kuma dab da faɗuwar rana. Duk azumin nan, in ina haɗa kayan buɗa baki na gan shi ja wur a kan farin ƙanƙara, na san magariba ta kusa. Tun watan jiya ya fara rera kuka daga saman itace.

Kuregen nan mai toka-toka, wanda kuka ce bai san rami ba sai bisa, shi bai yi barcin sanyi ba. Yana tone ƙanƙara ya ciro ƙwallayen da ya binne tun kaka, waɗanda ya manta kuma su ne ke tsirowa su zama itatuwa. Ya matsa wa mazubin lamba har surukinku ya sa masa wani murfin ƙarfe mai santsi. Ƙaramin mai zane a baya ya shige ƙasa tun Nuwamba da rumbunsa, sai cikin makon nan na ga ya leƙo. Akwai kuma zomo da ban taɓa gani da rana ba, sai sawunsa a kan ƙanƙara da safe, da ɓawon ƙananan itatuwa da ya gaigaye.

Abin da ya fi ba su wuya ruwa ne, don kome ya daskare. Kullum da safe ina fitar da ruwan ɗumi a faranti, su sha kafin ya zama dutse. In sanyi ya sa na ji nauyin fita, sai in tuna karatun Baba a zaure, na mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare, da cewa akwai lada a kan duk mai rai. Yanzu ƙanƙara ta fara narkewa, dinya sun fara dawowa. Lokacin tatsar erabul ne, dare yana daskarewa rana tana sakewa, ruwan itacen yana zuba. Sai an dafa wajen lita 40 kafin a samu lita guda ta zumarsa. Zan aiko muku da kwalba in na samu mai zuwa.

Baba, Yaya, ga maganar. Na ji cewa tun da Inna ta koma ba a barin ta ta ɗaga ko buta, ko barka za ta je bayan layi sai an kira mata abin hawa. Na san ƙauna ce da girmamawa, kuma na san Yaya yana gudun a ce ya bar mahaifiyarsa tana yawo a ƙasa. Amma likitan da ya duba ta a nan saboda hawan jini ya ce, bayan magani, abin da zai fi taimakon ta shi ne tafiya kowace rana, kuma zama yana ƙara sandarar da gwiwa. Ni na ga abin da ƙafafunta suka iya da idona, na kuma ga fuskarta a kan dutsen nan. Ita ba za ta roƙe ku ba, kun san halinta.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. In an idar da sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, Auta ya raka ta su zaga, ko ta wajen tsohuwar ganuwa ko gindin duwatsun bayan Birni, da gorar ruwa a hannu, su dawo kafin hantsi. Kada a sa ta sauri, kada kuma a ce ta juya in ba ita ta ce ba. In damina ta sauka gari ya yi sanyi, Yaya ya kai su lambunan Miriya wata Lahadi, ita da Baba, su taka cikin inuwa. Baba, ku ma wannan maganar ta shafe ku, ku yi haƙuri da ƴarku. Sandar da takalmin suna cikin jakarta, na sa mata da hannuna.

Na turo goron Sallah ta hannun Yaya. A fitar wa Goggo da Kawu nasu, a ba yara na yawon Sallah, abin da ya rage a saya wa Inna maganinta na wata mai zuwa. A gaishe mini da Liman, da mutanen Zango, da duk wanda ya tambaye ni. Auta, in ka gama karantawa ka kira ni, ina so in ji abin da Baba ya ce.

Wassalam.
Ƴarku mai kewarku.