Kafin ka taɓa kwamfutar Alhaji

Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da madam da yara. Ya karatu, ya zaman Maleshiya? Mu nan sai godiya. Hunturun bana dai ya zo da ƙarfinsa, kusan kowane gida akwai mai mura.

Na ga saƙonka kan kwamfutar Alhaji, sai na ga maganar ta fi ƙarfin amsar WhatsApp, shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake. Ka ce idan ka zo hutun ƙaramar sallah za ka cire masa Windows ka saka Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta na daban, kamar yadda na yi wa Baba, ka koma hankali kwance. Sakawar ba wuya, tsakanin azahar da la'asar ka gama. Kwanciyar hankalin ce nake da ja a kanta.

Tukuna ma, kada gargaɗin ƙarewar wa'adin Windows 10 da kwamfutar ke nuna masa ya tayar muku da hankali. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, shekara goma bayan fitowarta. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi tana aiki, sai dai duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga baya, ba mai toshe ta. Ita kuma Windows 11 sharuɗɗa gare ta: tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma idan furosesa ɗin, wato ƙwaƙwalwar na'urar, na Intel ne, sai 'yan zubi na takwas zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Yawancin tokumbon da ke hannun iyayenmu sun girmi haka. Akwai dai ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoba 2026, ko ka biya dala 30, ko kyauta idan ka shiga da asusun Microsoft ka yarda su ajiye maka saitin na'urar. Ka ga kenan ba gobara ba ce, kana da lokacin yin tunani.

Ni abin da na fara yi, kafin in taɓa komai, zama na yi kusa da Baba ina kallon yadda yake aikinsa, ban tambaye shi ba. Idan ka tambayi dattijo me yake yi da kwamfuta zai ce maka rubutu ne kawai. Da na zuba ido sai na ga yana buga bayanan taron ƙungiyarsu ta 'yan fansho, yana sauraron BBC Hausa, yana kallon tafsiri a YouTube, yana fitar da takarda a firinta, sannan akwai wani tebur da yake rubuta kuɗin gyaran masallacin unguwa, wanda ko mu 'ya'yansa ba mu san da shi ba. Duka wannan Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, na iya yi. Ita na zaɓa domin fasalinta bai yi nisa da abin da ya saba ba, maɓallin farawa yana ƙasa daga hagu, agogo daga dama. Jerin Mint 22 ya fito a 2024, kuma za a ci gaba da kula da shi har 2029.

Ka sauke ta tun kana can inda intanet ke da araha, kusan gigabait uku ce, ka zo da ita a filash. Daɗinta shi ne tana tashi daga filash ɗin ba tare da ka goge komai ba, sai ka gwada Wi-Fi, da sauti, da kyamara, da firinta musamman. Wasu firintocin da ka jona shi kenan, wasu tsofaffin kuwa sai sun sha maka kai. Idan firintar Alhaji ta ƙi, ka dakata, domin a wurinsa kwamfutar da ba ta fitar da takarda ba ta da amfani. Ka kwafe fayilolinsa wuri biyu kafin komai. In da hali ma ka sayi SSD, wato faifan ajiya na zamani mai sauri, ka saka sabon tsarin a kai, ka cire tsohon faifan ka ajiye a durowa yadda yake. Saurin da za ta ƙara zai ba ka mamaki, kuma ko abin bai karɓe shi ba, mayarwa kawai za a yi.

Inda aikin yake shi ne bayan sakawa. Hoton jikokin da ke fuskar kwamfutar na mayar masa da shi. Alamomin da yake dannawa na jera su inda suke a da, wadda ke sama ta koma sama. Na ƙara girman rubutu. A madadin Word akwai LibreOffice Writer, na sauya wa alamarta suna zuwa "Rubutu", na kuma saita ta yadda za ta riƙa ajiye takarda a tsarin docx na Word, don kada ya tura wa shugaban ƙungiya fayil ya kasa buɗewa. Ka sani wani lokaci takardar da aka tsara a Word takan ɗan goce a can, layi ya sauka ko tebur ya motsa, galibi saboda bambancin haruffa. Ga mai rubuta wasiƙa da bayanan taro ba komai ba ne. Na kuma ƙara masa allon rubutu na Hausa da na Larabci, duk suna ciki, yanzu yana samun ƙ da ɗ da ɓ ba tare da ya bi takardar da biro yana sa lanƙwasa ba. Wannan ne ma ya fi burge shi a cikin duk abin da na yi.

Sai littafi. Na sayi ɗan littafin makaranta, shi da kansa ya rubuta matakan da hannunsa, ni ina faɗa: yadda ake kunnawa, yadda ake fitar da takarda, yadda ake cire filash. Tsohon hedimasta ne, ka san shi, har lamba ya sa wa shafukan. Kuma ban taɓa koya masa a gaban yara ba. Dattijon da ya yi shekaru yana koyar da mutane ba zai so jikansa ya tsaya a kansa yana cewa "Kaka, ba nan ba" ba. Haka kuma idan ya maƙale ba na karɓe linzamin daga hannunsa, sai in mayar da hannuwana baya in yi ta bayani har ya danna da kansa, ko da raina na ƙuna.

Wani abokin aikina ya ce kada in ba shi kalmar sirrin da ake shigar da manhaja da ita, wai zai ɓata abu. Ban yarda ba. Kayansa ne, da kuɗin giratutinsa ya saya, ba zan mayar da shi baƙo a kan abinsa ba. Tana cikin littafin, da sharaɗi guda: idan kwamfuta ta nemi kalmar alhali ba shi ya sa ta wani aiki ba, ya kira ni. Sabuntawa kuwa ni nake yi idan na je ranar Juma'a, saboda tana cin data, kuma batirinsa ya mutu, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar yi sai a samu matsala. Akwai Timeshift a ciki mai mayar da tsarin yadda yake jiya ko makon jiya, ka kunna shi, amma ka sani ba ya ajiye takardu da hotuna, wannan aikinka ne daban.

Ribar da muka gani a fili ita ce ta filash. Ka tuna bairos ɗin nan na shagunan buga takardu, mai ɓoye fayiloli ya bar maka alamomin banza? Don Windows aka yi shi, ba ya tashi a nan. Filash ɗin dai yana iya ɗauke da shi ya kai wa wani.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni. Daga ranar da ka sauya, duk abin da ya samu kwamfutar nan kai ne. Ko data ce ta ƙare, za a ce tun da yaron nan ya taɓa ta. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Wata rana da daddare Baba ya kira ni murya na rawa, wai komai ya ɓace, ba sama ba ƙasa, sai shafin labarai kawai ya cika fuskar. Na shiga ta RustDesk, manhajar shiga kwamfutar wani daga nesa, daga gidana na duba, ashe hannun rigarsa ne ya taɓa maɓallin F11. Dannawa ɗaya komai ya dawo. To ni tsakanina da shi tafiyar acaɓa ce. Kai kuwa sa'a bakwai ke tsakaninku, idan Alhaji ya maƙale bayan la'asar, ƙarfe sha ɗayan dare ta wuce a wurinka. Kuma shiga daga nesa sai da intanet, ranar da intanet ɗin ne ya ƙi, ba abin da za ka iya.

Abin da zai biyo baya na san shi: za a ba wani yaro ya kai ta kasuwa. Masu gyara da yawa Windows suka sani, kuma ba laifinsu ba ne, ita ce ke kawo musu abinci. Da mai gyara ya ga baƙon abu zai ce sai an yi fomat, ya mayar da Windows, wadda Allah kaɗai ya san inda aka samo ta, takardun Alhaji kuma su bi ruwa. Saboda haka kafin ka sauya, ka samu wanda zai riƙe amanar a gida. Ƙanwarka da ke karatu a jami'a ta isa, in ta yarda. Ta zauna tare da kai lokacin sakawa, ta yi wasu matakan da hannunta. Kuma ka yi aikin a farkon hutunka, ya samu kwanaki yana amfani da ita kana nan, ba daren da za ka kama hanyar Abuja ba.

Ba kowa na sauya wa ba, ka sani. Kawu mai shagon katin biki da kalanda ya nemi in yi masa irin ta Baba, na ƙi. Da manhajar zane ta CorelDraw yake cin abinci, ba ta aiki a Linux, kuma duk wanda ya zo masa da zane a tsarinta yake kawowa. Akwai Inkscape mai irin aikinta a Linux, amma ba zan sa mutum ya koma ɗan koyo a sana'ar da ya tsufa a cikinta ba. Na ce ya raba kwamfutar aikin da intanet, ya fara tarin kuɗin wata. Gwaggo kuma ba ta ma buƙatar kwamfuta, wayarta ta ishe ta, matsalarta masu kira ne suna cewa daga banki suke, a karanto musu BVN ko lambar da aka turo. Wannan ba Windows ba Linux, kashedi ne kawai da maimaitawa. Shi ma Alhaji ka ja masa kunne a kai, cikin ladabi.

Ka turo mini sunan kwamfutar da lambar da ke ƙarƙashinta, da na firintar, in duba maka kafin ka iso. Idan ƙanwar taka ba za ta samu sarari ba, ka yi masa rajistar ƙarin wa'adin nan kawai, a bar maganar sauyi sai ka dawo gaba ɗaya ko mun samu wani. Ni ma zan iya leƙa shi jefi-jefi idan na shiga Kano, amma ba zan yi maka alkawarin kowane mako ba.

Baba na gaishe ka, ya ce har yanzu bai ga hoton ɗan autan naka ba. Ka gaida madam da yara. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da ku lafiya.

Naka,
Amininka na Zariya