A zana mana Dodo a littafi, yaranmu na jira

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa daga nan Tawa.

Ƙanena ne ya zo daga Yamai ya kawo ma ɗiyata tsarabar wani ɗan littafi mai hotuna, na Faransanci, wai jika huɗu ya saye shi, shafi bai kai talatin ba. Labarin wata ƴar yarinya ce da wani dodon Turawa, irin mai fukafukan nan da ke hura wuta ta baki. Ba takobi gare ta ba, ba ƙarfi, wayo kawai, ta yi ta zuga shi tana cewa ai wutar taka ba ta kai yajin miyar kakata ba, shi ko gogan naka ya kwashe tukunyar ya shanye, bakin ya ɗau zafi ya ruga rijiya ya yi ta shan ruwa har wutar cikinshi ta mutu. Akwai hoton da yake zaune hayaƙi na fita ta kunnuwanshi, wallahi ɗiyata ta yi dariya har da hawaye, ƙanenta da bai shiga lakwal ba kullum sai ya buɗe wannan shafin ya ɗora yatsa a kai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ni ke fassara musu layi layi, kuma daɗin na raguwa a hanya. Da innata ta leƙa hoton cewa ta yi, to wannan ba Dodo ba ne? Nan take ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara suka ce ta zo mu ji ta, ta kawo musu na Auta da ya fi yayyenshi dabara, da Dodon da ke tsoron karnuka, har aka kai ƙurunƙus ba wanda ya nemi waya. To amma inna ta tsufa, kuma ba kowane gida ke da irinta ba yanzu.

Tun 2025 aka rubuta a kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasar Nijar, mun yi murna ƙwarai. Sai dai yaro ɗan shekara biyar ba kundi yake karantawa ba, abin da zai ba shi dariya yake so, ni kuma na zaga kasuwarmu ban samu littafin yara ko ɗaya da Hausa mai hoto ba. Masu zane muna da su, dubi allunan shagunan aski da jikin manyan motoci. Tatsuniyoyin ma marubucin ƙasarmu Boubou Hama ya tattara da dama tun da daɗewa.

Roƙona Malam Edita, ku ware ko rabin shafi ne a jaridarku duk mako, hoto huɗu ko shida, Dodo da ƙaton cikinshi da Auta na juya shi. Ni dai zan yanke in liƙa a kaye in tara ma yarana.

Wata uwa daga Tawa