Zuwa ga ƙawata a Abuja

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya baƙunta, ya sabon aiki? Shirunki ya yi yawa, sai da Yaya ta dawo ta tsegunta mini cewa 'yan ofis sun hau kanki. Wai akwai mai jawo kujera har ta gogi taki yana leƙa miki kwamfuta, ga mai kira bayan isha'i. Ke da ba a iya tanka miki a gida, ashe a waje saliha ce!

Kawaicin nan ne ke cutar ki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, abin da kika ƙyale a watan farko shi za su ɗauka halinki ne. Mai kujerar nan ki same shi shi kaɗai, don in kika kunyata namiji gaban jama'a gaba ce za ta biyo. Magana ɗaya ta isa: "Malam, don Allah ka ɗan matsa, ba na sakewa in aka matse ni." Kada ki kawo dalili, ƙofar musu za ki buɗe. Kuma ki riƙe dariyar nan taki, in ta kuɓuce zai ce wasa kike.

Gaisuwa kuwa, ki riga mutum ɗora hannu a ƙirji tun bai miƙo nasa ba. Amma fa kowa da kowa, har oga. Kika ba wani hannu kika hana wani, kin ba 'yan gulma abin yi.

Af, an sa ranar Auta! Bayan babbar salla, kuma Gwaggo ce ta zaɓi ankon, sai ki shirya ganin kala.

Ina muka tsaya? Waya. Ki yi layin aiki daban, ki kashe shuɗin alamar karantawa a WhatsApp, saƙon dare ki amsa shi ƙarfe 8 na safe. Kika amsa sau ɗaya da sha ɗayan dare, shi ke nan. In za ki tashi salla, danna maɓallin Windows da L tare, kwamfutar ta kulle. Lambar sirri ko aminiya kada ki ba, duk ɓarnar da aka yi da sunanki ke za a tuhuma. Masu tambayar albashi ki ce alhamdu lillahi, yawanci rance ne ke tafe.

In abin ya kai ga taɓa jiki ko maganar banza, an wuce lallashi. Ki riƙa rubuta rana, lokaci, wuri da wanda ya gani, ki ɗauki hoton saƙonni. Ƙorafi ki kai wa sashen kula da ma'aikata ta imel, ki ajiye kwafi a wayarki, na baki ana musanta shi. Dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, tana aiki a Abuja, Kotun Masana'antu ta Ƙasa ma tana sauraron irin waɗannan ƙararraki.

Ki turo awonki kafin tela ya fara yanga, na ji an ce kin yi ƙiba. Umma na gaishe ki, ta ce kilishin bai iso ba.

Taki har kullum,
Ƙawarki ta Zariya