Rahoton Ayyukan Shekara: Tambarin Hannu a Bayan Bargon Haɗi

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne, masu ɗinkin bargon haɗi, wato bargon da ake haɗawa da guntayen ƙyalle, a birnin Katsina. Ga abin da kwamiti ya tattara game da aikin bana.

Abin da ƙungiya ta sa gaba shi ne shawarar taron bara: kada bargo ya bar hannun 'yar ƙungiya sai da tambari, wato ɗan ƙyalle da aka yi wa surfani, mai ɗauke da sunanta, da gari, da shekara. Bargo yakan ci makonni ana haɗa shi, amma da ya shiga hannun dillaliya ko kayan ɗakin amarya, wanda ya gani ya yaba bai san gidan da zai yi sallama ba. Yawancinmu sun bi wannan ƙa'ida, Allah ya saka da alheri.

Awon tambarin da muka tsaya a kai shi ne inci 4 a tsawo, inci 3 a faɗi, da ƙarin rabin inci kowane gefe don kalmasa. Farin alawayyo ya fi shadda, domin allura ba ta santsi a kansa. A wanke shi, a goge, kafin a zana komai. Tamburan da aka dawo da su sun tattare, kusan duk ba a wanke ƙyallensu ba: shi ya shiga ruwa ya tsuke, bargon bai tsuke ba. Kada kuma a yanka kafin ɗinki. A zana tambari da yawa a yadi guda, a ɗaure a zoben katako, sai an gama a raba su. Da fensir ake zane. Tawadar biro takan bazu ƙarƙashin zare, ba ta fita.

Zare mai sili 6 ake warewa a ɗauki 2, tsawonsa kada ya wuce kamu ɗaya, in ya wuce sai ya yi gashi ya riƙa ƙullewa. Manyan baƙaƙe ɗinkin sarƙa, ƙanana ɗinkin koma-baya, kuma harafi kada ya gaza rabin inci. A gama harafi a tuƙe zaren a bayansa. In aka ja baƙin zare daga wannan harafi zuwa wancan, inuwarsa tana fitowa ta farin ƙyalle. Lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ a fitar da ita sosai, masu ajami kuma su ƙulla kowane ɗigo daban, don ɗigo ɗaya ke raba baƙi da baƙi.

Jan zare ne ya fi jawo asara bana. Mai arha yana zuba, ya ɓata tambari har da bayan bargon. A jiƙa guntu a ruwan ɗumi da sabulu, a matse cikin farin ƙyalle. In ya bar alama, a ajiye shi.

Wurin tambari kusurwar ƙasa ta baya. Gefe biyu su shige ƙarƙashin bakin bargo, sauran biyun a kama da ɓoyayyen ɗinki, allura ta ɗauki ƙyallen baya kaɗai, kada ta huda fuska. Kwamiti ya fi son a ɗora shi kafin a gama ɗinke bargon da audugarsa, layukan ɗinki su ratsa ta kansa, domin irin wannan ba ya farkuwa cikin sauƙi.

Sayen alawayyo da zare a dunƙule daga Kantin Kwari na Kano ya sauƙaƙa farashi, za a ci gaba. 'Yan matan da suka koyi surfani a dogon hutu sun fara karɓar aikin tambari daga iyayenmu da ido ya yi wa rauni.

Oda takan taru gab da hunturu, don haka a shirya tambura tun damina. Kowace ta zo taro na gaba da tambari ɗaya da aka wanke sau 3, da ragowar zaren da ta yi shi da shi, a duba tare.